Waya Ba Ta Auna Ruwa: Lambobi Biyu da Masu Noman Bokiti a Yauri Ke Tsallakewa

Bidiyon noma ba tare da ƙasa ba, wanda Turawa ke kira haidiroponik, ya cika TikTok da YouTube. Latas ne kore shar yake leƙowa daga ramukan bututun famfo, saiwarsa tana lilo cikin ruwa. Matashi a Yelwa ko Birnin Yauri ya gani, ya nemo bokitin fenti, ya jiƙa taki, ya dasa. Bayan mako biyu sabon ganye ya fara rawaya. Sai ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara taki, shukar ta ƙarasa mutuwa. Bidiyon bai nuna masa cewa mai gonar yana auna ruwansa kullum ba, kuma lambobi biyu yake dubawa: pH da EC.

pH ma'aunin tsami ne, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren lemon tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Yawancin kayan lambu a ruwa suna son 5.5 zuwa 6.5. Tazarar kamar ba komai, amma kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Idan pH ya haura 7, sinadarin ƙarfe yana nan cikin bokitin amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, shi ya sa ganyen sama ke rawaya jijiyoyinsa na kore. Ƙarin taki ba ya warware wannan.

EC kuwa yana nuna yadda lantarki ke ratsa ruwan, wato yawan gishirin takin da ya narke. Latas yana wadatuwa da 1.2 zuwa 1.8, tumatir mai 'ya'ya yana son 2.0 zuwa 3.5. Idan ya yi yawa, saiwa ta kasa shan ruwa, shuka ta yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa.

Nan ne rikicin na'ura yake farawa. Akwai manhajoji a Play Store masu sunan mitar pH. Babu wayar da aka saka wa abin gane tsamin ruwa a cikinta. Iyakar abin da kyamara za ta yi shi ne ta kalli launin takardar gwaji da aka tsoma, kuma launin yana canzawa da haske: hoton da aka ɗauka ƙarƙashin bishiya daban, na cikin shago daban. Duk mai son wannan noma ya sayi mita biyu masu kama da biro, ɗaya ta pH, ɗaya ta EC, tun kafin ya sayi famfo ko sola.

Sai dai mitar pH mai araha tana da hali. Kanta ƙwallon gilashi ne da ba ya son bushewa, kuma iskar hunturu tana busar da shi da wuri. Ana ajiye shi a jiƙe cikin ruwan ajiyarsa, ba cikin tataccen ruwa ba. Ƴan ƙunshin garin da ke zuwa cikin kwalin, masu lamba 4.01 da 6.86, su ne ake narkawa a saita mitar, kuma da yawa su ne farkon abin da mai saye ke jefarwa tare da leda. Mitar da aka yi wata ba a saita ba ta fi rashin mita haɗari, domin mutum zai yarda da lambar da allon ya nuna, ya zuba magani a ruwan da lafiyarsa ƙalau.

Ta EC ba ta da rigima sosai, amma tana da tarko biyu. Wasu mitocin suna nuna ppm, kuma kamfanoni ba su daidaita kan lissafin ba: EC 2.0 zai fito 1000 a wata mitar, 1400 a wata. Wanda ya kwafi lamba daga bidiyo bai san irin mitar mai bidiyon ba, caca yake yi. Na biyu, takin yuriya ba ya ɗaukar lantarki idan ya narke, don haka mitar kusan ba ta ganinsa. Za a yi ta zubawa lamba ba ta motsi. NPK na buhu ma don ƙasa aka yi shi. Yana barin laka a gindin bokiti. Takin wannan noma kashi biyu yake zuwa, A da B, saboda kalsiyam yana daskarewa idan ya haɗu da sauran da kaurinsu. Kowanne sai an tsarma shi a ruwa tukuna.

Mutumin Yauri yana da wani dalilin na daban. Ruwan Neja, wanda dam ɗin Kainji ya tare tun 1968, sau biyu yake cika a shekara. Cikar damina tana zuwa da laka, ruwan ya yi fari-fari. Ta biyu tana isowa wajen Disamba zuwa Fabrairu daga can Gini da Mali, bayan lakar ta kwanta a hanya. Masunta da manoman albasa na gaɓar tafkin, daga Shanga har Ngaski, sun san wannan tun kafin a yi wayar hannu. Ruwan kogi a Satumba, na Janairu, na rijiya da na burtsatse ba abu ɗaya ba ne. A auna ruwan zalla tukuna, a rubuta, sannan a sa taki.

Ga zafin Maris da Afrilu. Shuka tana zuƙe ruwa fiye da taki, ruwa ya ragu, EC ya hau shi kaɗai. Maganin a nan ƙarin ruwan zalla ne. Lambar EC kanta tana ƙaruwa kusan kashi 2 cikin 100 da kowane digiri na zafi, mitoci kuma a digiri 25 suke lissafi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, saiwa ta ruɓe. A sa bokiti a inuwa ko a binne rabinsa, a riƙa awo da sassafe.

Wajen sauke pH, lemon tsami yana aiki na kwana ɗaya ko biyu, lambar ta koma inda take. Ruwan da ake sayarwa musamman don hakan ya fi, ɗigo-ɗigo, a juya, a jira, a sake awo. Ruwan batir kuma kada a kusance shi.

Masu sha'awar haɗa Arduino ko ESP32 da famfon da zai zuba magani da kansa su dakata. Kan awon da ke jikin allon irin gilashin nan ne, yana kaucewa kamar na biron, kuma famfo ba ya shakka: abin da aka gaya masa zai zuba, ko da tsakar dare. Aikin da waya ta fi iyawa a nan shi ne ajiye bayani. Shafi ɗaya a Google Sheets ya isa: kwanan wata, inda aka ɗebo ruwa, pH, EC, abin da aka ƙara, da hoton ganye. Wanda ya cika wannan shafin tsawon noman latas guda, kamar mako shida, shi ne zai san lambobin da zai rubuta wa allon.