Mu Leƙa Duniya: Ƙahon Itace na Makiyayan Suwizalan

Wannan makon mun nufi ƙasar Suwizalan, can cikin duwatsun Alfis, inda makiyaya suka daɗe suna busa wani dogon ƙaho da ake kira alfon don kiran shanu da aika saƙo daga wannan dutse zuwa wancan. Wanda ya taɓa ganin kakaki a ƙofar fada ya riga ya san fasalinsa. Sai dai shi alfon na itace ne, kuma bakinsa a lanƙwashe yake, yana zaune a ƙasa lokacin busa.

Wannan lanƙwasa ce ta fi burge mu. A da, masassaƙi ba ya lanƙwasa itacen da hannunsa. Sai ya hau dutse ya nemo bishiyar da ta tsiro a gangare, wadda nauyin dusar ƙanƙara ya danne tun tana ƙarama har gindinta ya karkace kafin ta miƙe sama. Ita zai sare, ya ajiye ta bushe sosai, sannan ya tsaga ta biyu daga sama har ƙasa. Kowane ɓari zai rarake cikinsa da gizago da kurfi har kaurin jikin ya kasa santimita ɗaya, ya haɗe su da gam, ya naɗe da wani kara mai laushi irin wanda ake saƙa kujeru da shi. Yanzu yawancin masu sana'ar suna manna katakai ne su fitar da lanƙwasar, kuma suna yin ƙahon gaɓa uku don ya shiga jaka.

Masu darasin kimiyya, ku kula da nan. Alfon ba shi da huda ko ɗaya da za a toshe da yatsa kamar sarewa. Leɓen mai busa da tsawon bututun ne kaɗai ke ba da sauti. Wanda aka fi yi tsawonsa kusan mita 3.4 ne, in aka ƙara tsawo muryar sai ta ƙara kauri. Shi ya sa masassaƙi ba ya wasa da awo, domin kuskuren 'yan santimita ya isa ya hana ƙaho dacewa da 'yan'uwansa a taron busa.

Sana'ar ta kusa mutuwa. A bikin makiyaya na Unspunnen, kusa da garin Interlaken, a 1805, masu busa biyu kacal suka fito gasa. Daga baya aka sa aka sassaƙa sababbi, aka tara samari a ƙauyen Grindelwald ana koya musu. Yau kuwa, duk watan Yuli masu busa daga ƙasashe daban-daban kan taru a garin Nendaz, su jeru a kan dutse su busa tare.