Bayan tafiyar sojan Jamus: me ya rage wa jihar Tahoua?

Ranar 30 ga watan Agusta na 2024 rukunin ƙarshe na sojan Jamus ya tashi daga filin jirgin saman Yamai. Soja 60 ne suka rage, aka kwashe su da kayan aikinsu, aka rufe sansanin jigila da rundunar mayaƙan sama ta Jamus ta riƙe tun 2016, wanda soja kusan 3,200 suka yi aiki a cikinsa. Kwana biyar bayan haka, ranar 4 ga Satumba, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya je Todendorf a arewacin ƙasarsa ya ƙaddamar da sabon makamin kakkaɓo jirage mai suna IRIS-T. Abubuwan biyu suna da alaƙa, kuma akwai abin lura a cikinsu ga mutanen Madaoua da Bouza da Keita.

Yadda Jamus ta rushe garkuwarta

A zamanin yaƙin cacar baki, Jamus ta Yamma tana cikin jerin sansanonin kariyar sama na ƙungiyar tsaro ta OTAN, waɗanda suka miƙe daga bakin teku a arewa zuwa duwatsun kudu. Rundunoninta sun yi aiki da makamai masu linzami ƙirar Amurka, Nike da Hawk, kafin zuwan Patriot a 1989. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, sai mahukunta suka ga babu sauran jirgin maƙiyi da zai keta samaniyarsu. An ajiye Hawk da Roland a 2005, an rushe sashen kakkaɓo jirage na sojan ƙasa a 2012, kuma tsakanin 2012 da 2013 aka rushe manyan rundunoni biyu na makamai masu linzami, ta biyu da ta biyar, aka bar guda mai hedikwata a Husum. Rukunonin Patriot da suka kai 36 suka koma 12.

Da yaƙi ya ɓarke a Ukraine a Fabrairun 2022, gwamnatin Scholz ta ware Euro miliyar 100 don sake gina sojanta, kuma kariyar sama na cikin abin da aka sa gaba. Nan ne aka gane cewa sa hannu a takarda ɗaya ya isa a rushe runduna, amma maido ta sai an yi shekaru. Makami ana sayensa da kuɗi. Sojan da ya san sirrinsa, da makanikin da ke gyara shi, da hafsan da ke horar da na baya, idan suka watse ba a tara su da kasafin shekara guda.

Sawun Jamus a Tahoua

Sansanin Yamai an kafa shi ne don hidimar dakarun Jamus da ke Gao a ƙarƙashin rundunar MINUSMA. A can Gao ne ma rukunin sojan Todendorf ya girka na'urorin MANTIS masu gargaɗi idan an harbo roka. Amma aikin da ya fi shafar jihar Tahoua shi ne Gazelle, shirin da zaratan sojan ruwan Jamus suka horar da ɗaruruwan dakaru na musamman na Nijar daga 2018. An gina cibiyar horon a Tillia a 2021, shekarar da ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Intazayane da Bakorat da Wistane ranar 21 ga Maris. Scholz ya ziyarci Tillia a watan Mayun 2022, shirin kuma ya kammala a ƙarshen wannan shekara.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sauya lissafi. Sojan Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka suka bar Agadez a Agustan 2024. Jamus ta so ta zauna: ministanta na tsaro, Boris Pistorius, ya zo Yamai a Disamban 2023 ya gana da Janar Salifou Mody. Tattaunawar ta cije a kan kariyar da Berlin ta nema wa sojanta daga gurfana gaban kotunan Nijar. An rabu ba tare da cacar baki irin wadda aka yi da Faransa ba.

Hujjar hukumomin CNSP a fili take: sojan waje sun shekara da shekaru a ƙasar amma kisa bai tsaya ba, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Masu wani ra'ayi na cewa jiragen jigila da bayanan leƙen asiri da aka rasa sun bar giɓi, suna misali da harin da ya hallaka soja 29 kusa da Tabatol a farkon Oktoban 2023. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Sama ko ƙasa?

A watan Afrilun 2024 masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai da na'urar kariyar sararin samaniya. Kafin nan, a 2022, Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Ba za a ce mallakar samaniya wasa ba ce: a farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi kusa da Tinzaouaten, ƙasashen AES uku suka janye jakadunsu daga Aljiyas.

Sai dai abin da ke hana manomin Madaoua barci ba daga sama yake zuwa ba, a kan babur yake zuwa. Ƙaramar hukumar Bangui tana iyaka da Sabon Birni ta jihar Sakkwato, inda ƴan bindiga ke satar mutane da shanu suna ɗora wa ƙauyuka haraji, kuma dubban ƴan gudun hijira sun tsallako sun fake a Bangui. Makami mai linzami ba ya tare ɓarawon shanu. Abin da ke tare shi shi ne jandarma da ƴan garda masu mota da mai, da waya mai shiga, da amana tsakanin jami'an tsaro da masu gari, da musayar bayanai da maƙwabta, wadda ta yi sanyi tun takunkumin CEDEAO. Bouza da Keita suna tsakanin wuta biyu, ta iyakar Mali a arewa maso yamma da ta Sakkwato a kudu. Idan hanyoyinsu suka lalace, albasar kwarin Tarka da kasuwannin dabbobi ne za su fara ji a jika.

Abin da ke zama bayan baƙo ya tafi

Mutanen yankin sun riga sun san bambanci tsakanin aikin baƙo da ke tafiya da mai shi da wanda ke zama. Jerin itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Maggia a 1975 da tallafin ƙungiyar CARE har yanzu suna tare wa gonakin Bouza iska. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya da hukumar FAO suka soma a 1984, ya farfaɗo da faƙo da tuddai, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Inda aka koya wa ƴan gari aikin, ya tsaya da ƙafarsa. Inda ya dogara da injin da babu mai gyara shi, ya lalace.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna Tillia, a auna kuma makaman Rasha da na Turkiyya. Sojojin da Jamus ta horar, suna tare a bataliya guda suna horar da na bayansu, ko an warwatsa su? Ƴan Nijar nawa ne za su iya sarrafa sababbin na'urorin su gyara su ba tare da baƙo a gefe ba? Wane kaso na kuɗin tsaro ke isa ƙananan barikokin kan iyaka? Jamus mai arzikin masana'antu ta fi shekara goma tana biyan bashin ƙwarewar da ta bari ta watse. Nijar ba ta da Euro miliyar 100 da za ta gyara irin wannan kuskure, don haka riƙe mutanen da aka riga aka horar ya fi mata sauƙi a kan sake neman wani malami daga waje.