Ra'ayinmu: Likita da harshen majinyaci

A shekarar 1974 ƙasarmu Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar Sin. Daga 1976 likitocin Sin suka soma zuwa aiki a asibitocinmu, har da na Maradi. Sannu a hankali ƴaƴanmu su ma suka kama hanyar can domin neman ilimin likita. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba a yau shi ne sharaɗin da ake gindaya musu in sun isa.

Ɗalibin da zai yi karatu cikin Sinanci sai ya share kamar shekara guda yana koyon harshen tukuna. Wanda ma ake koya wa darasi cikin Ingilishi, tilas ya iya Sinanci kafin ya shiga ɗakin majinyata. Dalilin a fili yake: tsohuwar da ke kwance bisa gado ba za ta koyi harshen likita ba, likita shi ne zai koyi nata.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Rubutun Sinanci alamomi ne dubbai, kuma harshen yana da karin sauti huɗu: gaɓar "ma" kaɗai tana iya zama uwa, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Bahaushe bai jahilci wannan ba, tun da yana rarrabe kukan yaro da kukar miya. Duk da wuyar, ƴaƴanmu suna daurewa, suna iyawa.

To, mu dawo gida. A jami'o'inmu na Yamai da Maradi da Damagaram da Faransanci ake karatun likita. In ɗalibi ya ƙare aka tura shi Tasawa ko Mayahi, wa zai tarar? Manomi daga Korgom, da mai jego daga Kanambakashe, da makiyayi Bafillace ko Buzu. Galibinsu ba su jin Faransanci. In likita ba ya jin harshensu sai a nemo tafinta, sau da yawa mai gadi ko wani ɗan rakiya. Zuwa da kai kuwa ya fi aike. Macen da kunya ta hana ta faɗin sunan ɗanta na fari, yaya za ta bayyana ciwon mara a gaban ƙaton da ba likita ba? Sai ta ce "ciwon ciki" ta yi shiru, a ba ta maganin da ba nata ba.

Ko likitan da ya sha Hausa a nono bai tsira ba. Ya san sunan cuta a littafi, amma da wuya a ce an taɓa koya masa abin da uwa take nufi in ta ce tamowa, ko shawara, ko ɗankanoma, balle yadda zai fahimtar da ita cewa maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku ne cur, ko da jiki ya yi sanyi tun ranar farko.

Kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Kada wannan ya tsaya bisa takarda. Muna kira ga hukumomin kiwon lafiya da na jami'o'i da su sa harsunan ƙasa cikin darussan likita, a jarraba ɗalibi a bakin gadon majinyaci kafin a ba shi takardar shaida. Likitoci da ungozomomi da masana harshe su zauna su tsara ƙamus na kalmomin cuta da magani.

Yaron da ya iya Sinanci domin majinyatan Sin ba zai kasa koyon harshen majinyatan Mayahi ba. Lafiya uwar jiki ce, kuma magani daga tambaya yake farawa.