Kunne Ya Girmi Kaka

Ya kai mai karatu, wataƙila kana cikin ɗaliban da suke zaune a makarantar kwana, inda sai ranar Asabar da yamma ake buɗe ɗakin kallo. Wataƙila kuma a gida kake, akwai akwatin talabijin a falo, amma wutar lantarki ta daɗe ba ta zo ba, kuma kuɗin man da za a zuba wa janareta ya fi ƙarfin maigida. Idan haka ne, na tabbata ka taɓa jin kamar duniya ta wuce ta bar ka. Abokanka suna hirar abin da suka gani jiya da dare, kai kuwa sai dai ka yi shiru ka bi su da ido. Wannan damuwa tana da dalili, domin Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sai dai ra'ayina shi ne, wanda ya rasa talabijin ƙofa ɗaya ce ta rufe masa daga cikin ƙofofin labari, kuma sauran ƙofofin a buɗe suke ga mai neman su.

Bari mu fara da tarihi. Talabijin baƙo ne a ƙasar nan. A ranar 31 ga Oktoba, 1959, aka buɗe tashar talabijin ta farko a Ibadan, lokacin da Cif Obafemi Awolowo yake Firimiyan Jihar Yamma. Jihar Gabas ta buɗe tata a Inugu a 1960, Jihar Arewa kuma ta biyo baya a Kaduna a 1962. Sai a 1977 aka haɗa tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya, wato NTA. Ko a wancan zamani, gidajen da suke da akwatin kallo ƙalilan ne, akasarinsu kuma a manyan birane. To, kakanninmu da suka yi fafutukar neman 'yancin kai, a cikin duhu suka zauna? Ko kusa. Tun a 1859 aka fara buga jaridar Iwe Irohin a Abeokuta. A watan Janairu na 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Ta cikinta Hausawa da yawa suka bi labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya iya karatu yakan karanta da ƙarfi, waɗanda ba su iya ba su saurara, kofi ɗaya ya ilimantar da majalisa guda.

Rediyo kuwa ya fi jarida isa nesa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, daga baya Muryar Jamus da Muryar Amurka da Rediyon Faransa su ma suka buɗe sassan Hausa. A cikin gida, Rediyon Kaduna ya daɗe yana isa ƙauyukan da ko hanyar mota ba ta kai ba. Manyan al'amuran da suka girgiza ƙasa, kamar juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, da yunƙurin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinsa ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ta rediyo aka yi sanarwarsu. Har gobe, in ka lura da makiyayi a bayan shanunsa, ko maigadi a bakin ƙofa, ko mai shayi a Sabo ta Ibadan, ko ɗan kasuwa a Agege, da wuya ka rasa ƙaramin rediyo kusa da shi. Ka zauna da ɗayansu ka ɗauko hirar duniya, za ka sha mamakin abin da ya sani game da Sudan ko Gabas ta Tsakiya, alhali ya yi watanni bai zauna gaban talabijin ba. Batir biyu kawai ya saya.

Wani zai ce, ai gani ya kori ji. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan magana ba. Hoton garin da ambaliya ta cinye yana taɓa zuciya fiye da jimla goma. Wanda ya ga zaman majalisa da idonsa ya san fuskokin masu yi masa doka. Kurame ma, waɗanda rediyo ba ya yi musu amfani, suna ƙaruwa da rubutun da yake gudana a ƙasan allo da kuma mai fassara da alamar hannu. Duk wannan alheri ne na talabijin. Amma ka tuna cewa ido yana ganin abin da aka haska masa ne kawai. Mai ɗaukar hoto shi ya zaɓi inda zai juya na'urarsa, edita kuma shi ya zaɓi abin da zai shiga cikin rabin awar labarai. Abin da yake da kyan hoto, kamar gobara ko rikici ko bikin manya, yakan sami wuri a gaba. Abin da ba shi da hoto kuwa, kamar dalilin tsadar taki ko yadda aka raba kasafin kuɗin ilimi, sau da yawa a gurguje ake wuce shi, ko da yake shi ne ya fi shafar tukunyar gidanku. Mutum yana iya kwana yana kallo, gari ya waye bai san dalilin ko ɗaya daga abubuwan da ya gani ba. Idan ana son dalili, jarida da shirin tattaunawa na rediyo sun fi ba shi lokaci.

Na san kuma abin da yake ranka: ai yanzu akwai wayar hannu, me za a yi da rediyo ko jarida? Waya ƙofa ce babba, domin da ita za ka saurari rediyo, ka karanta jaridu, har ka kalli talabijin ɗin kansa. Haɗarinta shi ne, gaskiya da ƙarya ta ƙofa ɗaya suke shigowa, da riga iri ɗaya. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu a wayoyi cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Jama'a da yawa suka aikata, aka kwantar da wasu a asibiti, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Waɗannan mutane ba labari suka rasa ba, tantancewa suka rasa. Saboda haka wanda ya yi kwana uku bai ji komai ba ya fi zama lafiya bisa ga wanda ya ji ƙarya ya gaskata ta.

To, me ya kamata ka yi? Ga shawarwari huɗu, kuma babu mai tsada a cikinsu.

Na farko, ka sa wa kanka lokacin labarai. Minti goma sha biyar da safe ko bayan cin abincin dare ya isa, in dai kullum ne. In dokar makarantarku ta hana ɗalibi riƙe rediyo, ku roƙi malamin gida ko malamin Hausa ya riƙa kunna muku nasa a lokacin da ya dace.

Na biyu, ka saba da ɗakin karatu. Jaridar jiya ba ta lalace ba. Ka karanta labari ɗaya daga farko har ƙarshe maimakon ka tsallake kanun labarai ashirin. In ka sami jaridar Hausa, kamar Aminiya, ka gwada ta da ta Turanci ka ga yadda kowacce ta kawo labari guda.

Na uku, ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. In ka ji labari, ka tambayi kanka: wa ya faɗa? A ina ya ji? Wata kafa ta dabam ta tabbatar? In ba ka sami amsa ba, ka riƙe labarin a bakinka, kada ka miƙa wa wani.

Na huɗu, ku kafa ƙungiyar labarai a makaranta. Kowane mako mutum uku ko huɗu su tattara muhimman labaran ƙasa da na waje da na wasanni, su karanta a taron safe, ko su manna a allon sanarwa. Wanda ya rubuta labari da hannunsa ba ya saurin mance shi.

Akwai wata riba ta musamman gare ka, kai mai koyon Hausa. Mai karanta labarai a rediyo yana furta kalmomi dalla-dalla, kuma kalmomin sukan maimaitu kullum: gwamnati, majalisa, zaɓe, kasafin kuɗi, yarjejeniya, ambaliya. Ka fara sauraron labarin da Turanci ko da harshenku, sa'an nan ka saurare shi da Hausa. Tun da ka riga ka san abin da ya faru, kunnenka zai kama ma'anar sababbin kalmomi ba tare da ƙamus ba. Ka tanadi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kalmomi biyar a rana. Kafin zangon karatu ya ƙare za ka tara ɗaruruwa, kuma za ka ji yadda ake karya murya a kansu, abin da takarda ba ta iya koya maka.

Nan da 'yan shekaru za ka cika sha takwas, ka karɓi katin zaɓe. Ranar nan za a tambaye ka wa ya cancanci ya shugabance ka, kuma amsarka za ta dogara ne a kan abin da ka sani game da ƙasarka. Kada ka jira sai an kawo wuta kafin ka fara neman wannan sani. In talabijin ya samu, ka kalla da lura. In bai samu ba, ka kunna rediyo, ka buɗe jarida, ka zauna kusa da manya ka saurara. Da ma Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka.

Tambayoyi

1. A wane gari kuma a wace shekara aka buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya?
2. Ta waɗanne hanyoyi mutane suke samun labari kafin zuwan talabijin?
3. Wane darasi marubucin ya ciro daga labarin ruwan gishiri na 2014?
4. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana: gani ya kori ji, matambayi ba ya ɓata, kunne ya girmi kaka.
5. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Kawo dalilai biyu.