Kumburin Kunnen Tsohuwar Kyanwa: A Duba Ƙoda Kafin a Ɗauki Wuƙa

A gidajen birnin Zazzau, daga Kwarbai har Limancin Kona, kyanwa ma'aikaciya ce: ita ke tsaron buhunan hatsi daga ɓeraye. Sai dai idan shekaru suka ja, akan wayi gari a ga kunnenta ɗaya ya kumbura ya yi laushi kamar an cika salka da ruwa, tana ta karkata kai. Da yawan masu gida sukan ɗauka maruru ne, su nemi reza. Wannan kuskure ne.

Abin da ke ciki jini ne. Kunnen kyanwa guringuntsi ne siriri da fata ta lulluɓe, kuma idan ƙananan jijiyoyin jini suka fashe, sai jinin ya taru a tsakani. Susa da kaɗa kai su ke fasa jijiyoyin, su kuwa galibi wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin kaska, waɗanda masana ke kira Otodectes cynotis, ke haddasa su. Alamarsu baƙar dauɗa a ramin kunne. Wanda ya zubar da jinin ya bar ƙwarin, aikin banza ya yi.

Hanyoyi uku ke gaban likitan dabbobi. Yana iya zuƙe jinin da sirinji, amma sau da yawa kunnen kan sake cika cikin 'yan kwanaki, sai an maimaita. Yana iya yin tiyata, wato ya tsaga fatar, ya kwashe gudajin, ya ɗinke fata da guringuntsi wuri guda, ɗinkin ya zauna mako 2 zuwa 3; wannan ita ce ta fi hana dawowa. Ko kuma a bari jiki ya shanye jinin cikin makonni, kunnen ya yamutse har abada.

Matsalar tiyata ita ce allurar barci. Wani bincike da aka gudanar a Birtaniya tsakanin 2002 da 2004 ya nuna cewa cikin kyanwoyi masu ƙoshin lafiya, ɗaya cikin 895 ce ta mutu sanadin sa barci, amma cikin marasa lafiya ɗaya cikin 71. Tsufa ma yana ƙara haɗarin, musamman bayan shekara 12, to amma tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ta isa ta nuna inda babban haɗarin yake. Ciwon ƙoda ya yawaita ga tsofaffin kyanwoyi, kuma yakan ɓuya. Rama da yawan shan ruwa ne kan fara tona shi. Saboda haka bai dace a yanke hukunci da ƙidayar shekaru kawai ba, balle ma ba kowane gida ne ya san shekarun kyanwarsa ba. A fara auna jini, a saurari zuciya. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar mota ce kawai daga Ƙofar Doka.

In ƙoda lafiya lau, kumburin kuma babba ne har ya toshe ramin kunne, tiyata ta fi, ko da kyanwar ta tsufa. In kuwa ƙoda ta raunana, gwamma a kashe ƙwarin, a zuƙe jinin, a haƙura da yamutsattsen kunne. Kyanwa ba ta duba madubi. Sai dai irin wannan kunnen kan tsuke rami, don haka dole a riƙa duba shi ana share shi.

Abu guda ne babu sassauci a kansa: kada a ba ta farasitamol don rage zafi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta.