Teburin da ba kowa ke zama ba

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wani gida mai suna Garrick, wanda aka kafa cikin shekara ta 1831 domin ƴan wasan kwaikwayo da masu son adabi. Kulob ne, watau ƙungiya mai ƙofa a rufe. Kome yawan dukiyar mutum, ba shi shiga sai ƴan gida sun gabatar da shi, ya yi jira shekara da shekaru, sa'an nan a zaɓe shi ko a ƙi shi.

Abin da ake yi ciki ba ɓoyayye ba ne: cin abinci, da shan giyar inabi, da hira. Akwai wani dogon tebur a ɗakin cin abinci, inda wanda ya zo shi kaɗai yakan zauna kusa da duk wanda ya tarar. Ta haka alƙali kan sami kansa kusa da lauya, minista kusa da mai jarida.

Cikin watan Maris na 2024 jaridar Guardian ta buga sunayen manyan ƴan kulob ɗin. Sai ga ministoci, da alƙalai masu yawa, da Simon Case, shugaban ma'aikatan gwamnati na lokacin, da Richard Moore, shugaban hukumar leƙen asiri ta waje na lokacin. Ba mace ko ɗaya, gama ba a karɓar mata. Ba a yi mako guda ba mutanen nan biyu suka janye, waɗansu alƙalai suka bi su. Ran 7 ga watan Mayu aka jefa ƙuri'a, kusan kashi 60 bisa ɗari suka yarda a buɗe wa mata ƙofa, bayan shekara 193.

Zancen giya, mu Musulmi mun san hukuncinta. Amma abin da ya tada hankalin mutanen Ingila shi ne wa ke zama a teburin, wa aka hana. Lauyan da ya ci tuwon dare da alƙali ya san halinsa, alƙali kuma ya san fuskarsa. Ran da za a ƙara girma, sunan da aka saba ji shi ke fara zuwa baki. Ba a miƙa cin hanci ba, ba a taka doka ba, duk da haka macen da ta fi su sanin aiki an bar ta a baya, don ba ta cikin hirar.

Karɓar mata gyara ne, mun yaba. Sai dai gyaran bai kai ba. Cikin waɗanda aka fara karɓa har da Judi Dench, shahararriyar ƴar wasa. Ma'aikaciyar asibiti da direban mota har yanzu suna waje, su ne kuwa hukuncin manyan ke faɗa wa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba sai an gina gida irin na Landan ba kafin a sami teburin da ba kowa ke zama ba. Zauren aboki ya isa, ko inuwar otel inda ɗan kasuwa ke biyan kuɗin gasasshen nama kowane dare. Cin abinci da abokai ba laifi ba ne. Laifin yana farawa sa'ad da aka yanke zancen kwangila, ko ɗaukar aiki, ko rabon fili a bakin akushi, da safe a zo biro a buga hatimi kawai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka muna kira ga ma'aikata: aikin jama'a a yi shi a biro, da rana, bisa takarda, inda talaka ke iya sallama a amsa masa. Ku kuma da kuka fito yaƙi da jahilci, kun koyi karatu don ku nemi takarda ku karanta da kanku. Ku tambayi wa ya yanke, yaushe, bisa wace doka. Allah shi ba mu ikon riƙon amana.