Namun Dawan Duwatsunmu Ma Suna Bukatar Mai Tsaro

Duk ɗalibin da ya taso a Dutsen Abba ko Tudun Wada ya san dutsen Kufena, ko da daga nesa ne. Amma in ka tambaye shi wace dabba ce ke zama a kogunan irin waɗannan duwatsu, sai ya yi shiru, alhali kuwa yana iya zana maka zakin da bai taɓa gani ba. A ganina wannan gibi ne babba a yadda muke koyar da ilmin halittu.

Ɗauki agwada alal misali. Girmanta bai wuce na zomo ba, amma masana sun tabbatar cewa danginta na kusa su ne giwa da ayu. Haƙoranta biyu na sama ba sa daina tsiro, tamkar ƙananan haure. Tafin ƙafarta kuwa laushi gare shi, gumi na jiƙa shi, shi ya sa take hawa falalen dutse ba ta zame ba. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, don haka da safe sai ta shanya kanta a rana kafin ta fita kiwo. Gadar dutse, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a tsaunukan Jos, a kan tsinin kofatonta take tafiya.

Wani zai ce mafarauci da mai fasa dutse abinci suke nema, kuma gaskiya ne. Sai dai dabbar dutse ba ta da wurin gudu. Kowane dutse kamar tsibiri yake a tsakiyar gonaki. In an ƙone ciyawarsa da rani, aka fasa kogunansa, aka kashe na ciki, da wuya wata ta ƙetaro daga wani dutsen ta maye gurbi.

Mutanen tsaunukan Alfs a Turai sun kusa yin irin wannan asara. A farkon ƙarni na 19 farauta ta rage akuyar dutsensu mai dogayen ƙahoni zuwa wajen ɗari, duk a yankin Gran Paradiso na Italiya. A 1856 sarki ya keɓe wurin, ya ɗauki masu gadi (don ya riƙa farauta shi kaɗai, a gaskiya), sannan a 1922 aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Daga wannan ragowar aka mayar da ita tsaunukan Suwizalan a 1911.

Mu ma muna da gandun Gashaka Gumti tun 1991, inda Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, ya kai mita 2,419. Amma Taraba ta yi wa ɗan Zariya nisa. Abin da nake roƙon malaman sakandare shi ne kowace makaranta ta zaɓi dutse ɗaya kusa da ita, ɗalibai su je da damina da rani, su rubuta abin da suka gani, har kashi da sawu, su kuma tambayi tsofaffin mafarauta dabbobin da suka sani a wurin da, waɗanda yanzu ba a gani.